Ɗakin haɗa zoɓo da kunun aya a bayan gida: langa-langa, kwantena ko bulo?

Yayata ta shekara huɗu tana haɗa zoɓo da kunun aya a kicin ɗinta kafin sana'ar ta fi ƙarfin kicin. Ranar da aka ba ta aikin gora 300 na walimar biki, a gidan maƙwabta aka tuƙa tuwon dare, don babu murhu, babu baho, babu ma inda mutum zai sa ƙafa. Washegari maigidanta ya auna wani fili a bayan gida, mita uku-uku, ya ce a yi mata ɗaki. Ni aka ɗora wa yawon jin farashi, daga Ƙofar Ruwa zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa. Kuɗin kaya yau daban gobe daban, don haka ba lissafin naira zan kawo ba. Abin da kowane irin ɗaki zai yi maka, da abin da zai ja maka, shi zan faɗa.

Abu biyu ne ke kashe wannan sana'a: zafi da ruwan da ya rasa hanyar fita. Kunun aya ba shi da haƙuri ko kaɗan. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, 'yan sa'o'i kaɗan ba ƙanƙara sun isa ya yi tsami, gora ta kumbura kamar za ta fashe. Zoɓo ya fi shi juriya saboda tsamin da Allah ya yi masa, amma da an zuba sukari da abarba shi ma ba ya kwana a waje. Ruwa kuwa, rabin aikin nan wanki ne: a rege aya a fid da tsakuwa, a wanke ta sau uku, a ɗauraye goruna, a wanke mataci. Duk ɗakin da aka nuna maka, fara tambayar ta ina zafi zai fita, ta ina ruwa zai bi.

Wani kafinta ya nuna mini hoton ɗan ɗakin katako a wayarsa, irin wanda Turawan Ingila ke kafawa a ƙarshen lambu, wasu su aje kayan aiki, wasu su dafa giyarsu ta gida a ciki. Gwanin kyau. Sai dai su sanyi suke yaƙi da shi, kuma gara ba ta dame su ba. A nan, katakon da ke shan ruwa kullum daga ƙasa, gayyatar gara ce, ko an shafe shi da baƙin mai. Baƙin man ma ba abin kusanta da abin sha ba ne. Na yi masa godiya na wuce.

Langa-langa ya fi komai araha, kuma cikin kwana biyu an gama. Ga ɗan haya babu kamarsa, domin ranar tashi sai a zare ƙusoshi a ɗora wa a-kori-kura. Amma duk wanda ya taɓa shiga shagon kwano da azahar ya san gasa mutum yake yi. Ana rage masa zafi in an ɗaga rufin ya kai mita 3, aka bar tazara tsakanin bango da rufi aka sa raga, sannan aka shimfiɗa zana a sama. Ko an yi duk wannan, ƙurar hunturu za ta shigo ta kowace kafa, ɓera kuma ba ya neman izini. Tururin tukunya yana sa kwanon tsatsa daga ciki. A ganina langa-langa wurin wuta ne, ba wurin ɗura abin sha a gora ba.

Kwantena ce ta fi ɗaukar hankalin maigidan Yaya, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin abu biyu ake kira da sunan. Akwai ta gaske, wadda ta sha teku a kan jirgin ruwa. Akwai kuma wadda masu walda ke haɗawa da falle-fallen ƙarfe, irin ta shagunan bakin titi, wadda Panteka a Kaduna ta ƙware a kai. Ta biyun langa-langa ce mai kauri da kwaɗo, ba wani abu ba.

Ta gasken, mai ƙafa 20, tsawonta kusan mita 6 ne, faɗinta bai cika mita biyu da rabi ba, nauyinta kuma ya haura tan 2 ba kaya a ciki. Sai motar da ke da ƙugiya ce za ta sauke ta, saboda haka in gidanka a lungun cikin gari yake, magana ta ƙare tun daga bakin layi. Ɓarawo zai sha wuya kafin ya shiga, wannan gaskiya ne, kuma in ka gaji da ita za ka sayar. To amma ƙarfe ce sama da ƙasa. Sai ka yanka mata tagogi, ka yi mata wani rufin a sama da tazara, ka lulluɓe cikinta da abin tare zafi. Ga wani abin da dillali ba zai faɗa maka ba: ƙasanta katako ne, kuma akan sa masa maganin ƙwari don tafiyar ƙasa da ƙasa, ba ka kuma san abin da ta taɓa ɗauka ba. Dole a rufe ƙasan da siminti da tayil. Kafin ka gama wannan ɗinki, kuɗin ya kamo na gini, ko ya wuce.

Da na zayyana wa maigidan Yaya haka, sai ya yi shiru, can ya ce, "To ai gara a kira birkila."

Bulo inci 6 ya isa ɗaki irin wannan, tunda ba bene za a ɗora ba. Kowace murabba'in mita tana cin bulo kamar 10, don haka ɗaki mai mita uku-uku zai ci ɗari uku da 'yan kai, bayan an cire ƙofa da taga. Kada ka saya daga nesa. Je gidan bulon ka kankare ɗaya da ƙusa; in ya zubo kamar garin kwaki, an yi masa rowar siminti. Bangon bulo yana karɓar tayil, yana wankuwa, kuma da silin a sama ya fi kwano da kwantena sanyi nesa ba kusa ba. Aibinsa ɗaya: ba ya tashi. In gidan haya ne, ka gina wa mai gida. A cikin birni kuma a tuntuɓi hukumar tsara gari, kamar KNUPDA a Kano, kafin a haƙa harsashi. Ginin ƙasa ya fi duka sanyi, kakanninmu ba su yi wauta ba, sai dai ba ya shiri da ruwan da ake watsawa kullum a gindinsa.

Yanzu ga inda muka ci ƙasa. Birkilan ya yi daɓe sumul, ya shafe shi kamar faranti, muka yaba muka biya. Ranar farko da Yaya ta juye bahon wankin aya, ruwan ya bi ya taru a kusurwar da aka aje firiza. Ta kira ni tana cewa, "Ƙanina, zo ka ga tafkin da kuka gina mini." Sai da aka fasa aka sake. A gaya wa mai aiki tun kafin ya kwaɓa siminti: daɓen ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa ga magudana, kuma a gwada da bokitin ruwa a gabansa kafin a sallame shi. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, mara santsi, mai duhun launi, don jan zoɓo in ya shiga tsakanin farin tayil ya zauna ke nan. Ruwan kuma a haƙa masa rami a cikin gida. Dusar aya in ta kwana a kwata tana wari, kuma ba a rasa maƙwabcin da zai kai ƙara wurin mai unguwa.

Firiza ita ce ran ɗakin. A jikin kowace akwai ɗan allo a baya ko a gefe, da haruffan da ke nuna zafin da aka ƙera ta ta jure. N da SN iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuwa 43. Yawancin na hannu da ake kawowa daga Turai an yi su ne don ƙasar sanyi, shi ya sa za ka ji injin yana ta gurnani da rana ba ya hutawa, ƙanƙara kuma ba ta kamawa. Nemi mai T. Mai buɗewa ta sama ta fi mai tsayuwa riƙe sanyi in an ɗauke wuta. In sola za a sa, a gaya wa mai haɗawa firiza za ta ɗauka, domin wutar da take ja lokacin tashi ta ninka wadda take ci tana aiki, ƙaramar inbata ba za ta iya ba. A bar mata sarari da bango, kuma kada ta haɗa ɗaki da murhu.

Tukunya kuwa, ta silba ta fi ta dalma tsada, amma tsamin zoɓo yana cin dalma, har launinsa yakan dushe. Wannan kuɗi ne da ba a yi nadamarsa. Tukunyar gas a aje ta a waje a jawo tiyo, saboda gas ya fi iska nauyi, in ya zuba a ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba za ta fitar da shi ba. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kada ma a fara.

Mai burin manna takarda a gora ya kai kanti, ya sani NAFDAC sai ta zo ta ga wurin kafin ta ba da lamba. Ɗakin da ke da tayil, da raga a taga, da wurin wanke hannu, ya fi saurin wucewa.

Mu dai a ƙarshe raba aikin muka yi. Ɗakin bulo da silin, a ciki firiza biyu da teburin ɗuri. A jikinsa ta gabas rumfar langa-langa buɗaɗɗiya, nan murhu da injin markaɗe suke. Tankin ruwa mai lita 1,000 yana kan dakali a inuwar darbejiya. Azumin da ya wuce, tun kafin la'asar yara ke yin layi a ƙofar gida da kuloli, Yaya kuma har ta fara kallon ragowar filin tana cewa firiza ta uku za ta shiga in an matsa da teburin.