Bishiya mai amsa tambaya: na'urorin awon sun yi, bakin ne da sauran gyara

A 2013 birnin Melbourne na Ostireliya ya ba bishiyoyinsa adireshin imel don a riƙa kai rahoton reshen da ya karye, sai mutane suka ɓige da aika musu wasiƙun ƙauna. Ma'aikata ne ke amsawa a lokacin. A 2025 aka nuna sabon salo a Kwalejin Trinity da ke Dublin da kuma baje kolin furanni na Chelsea a Landan: an ɗaura wa bishiya na'urorin awo, an haɗa su da ƙirƙirarriyar basira, ka yi tambaya a ba ka amsa da sunanta.

Na'urar da ta fi cin kuɗinta ita ce mai auna hawan ruwa a gangar bishiya. A tsarin Granier ana soka allurai biyu masu tsawon milimita 20, ɗaya sama da ɗaya, da tazarar kusan santimita 10. Ta saman ana ɗumama ta da wat 0.2 ba tsayawa. Ruwan da ke hawa daga saiwa yana kwashe zafin, don haka bambancin zafin alluran biyu yana raguwa gwargwadon gudunsa. Da dare ake ɗaukar sifili, wato awon da ake gwada sauran da shi, bisa zaton ruwa ya tsaya. Nan matsala take: a daren da iska ke busawa a bushe bishiya ba ta daina jan ruwa, sifilin ya karkace, alƙaluman rana su fito ƙasa da gaskiya. Rana ma in ta bugi alluran sai ta ɓata awon, shi ya sa ake sa su a gefen inuwa a rufe da abu mai ƙyalli. Bayan wasu watanni itacen yakan toshe hanyoyin ruwan da ke kewaye da hujin, dole a sauya wuri. Ga cin wuta: wat-awa 4.8 (wat 0.2 na tsawon awa 24) a kowace rana, alhali farantin sola yana ƙarƙashin inuwar ganye.

Mai auna kaurin ganga ba ta da wannan wahalar. Gangar tana ɗan tsukewa da rana, ta kumbura da dare. In ta yi dare da yawa a jere ba ta koma kaurinta ba, ƙishirwa ce, kuma ana ganin haka tun ganye bai yi yaushi ba. Sai dai a kankare busasshen ɓawo kafin a ɗaura, don shi ma yana shan ruwan sama ya kumbura. Mai auna danshin ƙasa kuwa a binne ta a zurfin santimita 30 da 60, a danne ƙasar sosai. Gishirin da ake zubawa a titi a ƙasashen sanyi yana sa ta nuna danshin da babu.

Hirar ce ba ta kai ba. Manhajar ana miƙa mata jerin alƙaluma ne tare da umarnin ta yi magana kamar bishiya, kuma ba ta iya shiru ba. In ta ce tana jin kaɗaici, a sani babu na'urar da ke auna wannan. Ga 'yan makaranta abin jan hankali ne, ba laifi. Ga ma'aikacin da zai yanke shawarar inda tankar ruwa za ta fara zuwa, amsar da ba ta zo da adadi da sa'ar da aka auna shi ba ba ta da amfani.

Kafin a biya kuɗin irin wannan tsari, a cire wayar mai auna danshi, a jira awa biyu, a tambayi bishiyar ko tana jin ƙishirwa. Tsari mai kyau zai ce awon ya yanke tun ƙarfe kaza. In ta amsa da daɗin baki, a nemi wani. A yarjejeniyar sayen kuma a sa sharaɗin samun ɗanyen alƙaluma kai tsaye, da sauya wurin alluran duk shekara.