Rahoto daga Krzyżowa, ƙauyen da ya sauya masu shi

Baffa, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, da fatan kuma an gama girbi lafiya. Kun tambaye ni yadda kayan masarufi da hidimomin yau da kullum suke a inda nake zaune idan aka kwatanta da gida. Na ga amsar ba za ta cika ba sai na haɗa muku da tarihin wurin, domin da yawa daga cikin kayan da nake taɓawa kullum, waɗanda suka mallake su da farko an tashe su daga ƙasar tun shekaru tamanin da suka wuce.

Sunan ƙauyen Krzyżowa, yana yankin Silesiya a kudu maso yammacin Polan, kusa da garin Świdnica inda nake aiki a wata masana'anta. Mutanensa ba su kai ɗari uku ba, kuma wani rafi mai suna Piława ya ratsa shi. Kafin 1945 ƙasar Jamus ce: ƙauyen sunansa Kreisau, Świdnica ana ce mata Schweidnitz, babban birnin yankin kuma, Wrocław, shi ne Breslau. Yankin ya daɗe yana sauya hannu, daga sarakunan Polan na dauri zuwa masarautar Bohemiya (ƙasar Czech ta yau), daga nan zuwa gidan sarautar Habsburg na Ostiriya a 1526, sannan Furushiya, wata masarautar Jamusawa, ta ƙwace shi a 1742. A 1867 babban hafsan sojan Furushiya, Helmuth von Moltke, ya sayi gandun ƙauyen, kuma a wani gida da ke kan tudu cikin gandun ne wani daga zuriyar gidansu, Helmuth James von Moltke, ya tara abokansa sau uku a 1942 da 1943 suna shawarar yadda za a gina Jamus bayan Hitler. Saboda haka aka rataye shi a Berlin ranar 23 ga Janairun 1945.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, taron da ƙasashen da suka ci yaƙin suka yi a Potsdam ya mayar da iyakar Jamus da Polan zuwa kogunan Oder da Neisse. Aka kwashe Jamusawa zuwa yamma, aka kawo mutanen Polan suka shiga gidajensu, waɗansu daga tsakiyar ƙasar, waɗansu kuma su ma an tashe su ne daga gabas, daga yankunan da Tarayyar Sobiyet ta haɗiye. Gandun Moltke ya koma gonar gwamnati, gine-ginensa suka yi ta lalacewa.

Dattijuwar da nake haya a gidanta, iyayenta daga wajen birnin Lwów suka zo, wanda yau yake cikin Yukren. A ɗakin girkinta akwai waɗansu tuluna na tangaran jere a kan kanta, an rubuta musu gishiri da sukari da gari da Jamusanci, kuma har yau a cikinsu take zuba kayanta. A ɗakina akwai wani murhun ɗumama ɗaki da aka gina da tayil kore, tsawonsa ya wuce mutum, wanda idan aka hura shi da safe yakan riƙe zafi har dare. Irin waɗannan kaya suna da kalmarsu a nan, poniemiecki, wato abin da Jamusawa suka bari, kuma da ita ake kiran gida da kabad da keken ɗinki. Ta gaya mini cewa mahaifinta ya yi shekaru yana tara bokiti a ƙarƙashin rufi mai yoyo bai gyara ba, domin ya ɗauka masu gidan za su dawo. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, saboda gidan mai ƙarfi ne, mutumin kuma ba rago ba ne. Rashin tabbacin mallaka ne ya ɗaure masa hannu.

Tabbacin ya zo a hankali. Jamus ta Yamma ta amince da iyakar a 1970. Ranar 12 ga Nuwamban 1989, kwana uku bayan faɗuwar katangar Berlin, shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl da firaministan Polan Tadeusz Mazowiecki suka halarci addu'ar coci a farfajiyar gandun nan, suka rungumi juna a gaban jama'a, sannan aka sa hannu a yarjejeniyar iyaka ranar 14 ga Nuwamban 1990. An gyara gandun, aka buɗe shi a 1998 a matsayin cibiyar haɗuwar matasa, yanzu ɗaliban ƙasashen biyu suna kwana a inda dā ake ɗaure dabbobi da ajiye hatsi.

Game da hidimomi, wuta da ruwan famfo ba sa yankewa sai da wani babban dalili, don haka ba na sayen man janareta, ba na kiran mai garuwa. Amma abin da muke kashewa a gida kan janareta, a nan ɗumama ɗaki ne ke cinye shi daga Oktoba zuwa Afrilu, ko da kwal ko da itace ko da gas. Layin dogon da aka shimfiɗa tun zamanin Jamusawa yana aiki, akwai ƙaramar tasha a ƙauyen, kuma jirgin yana zuwa bisa jadawali, abin da ya sa nake tuna tsoffin tashoshinmu da ciyawa ta rufe. Idan na sayi kaya ta intanet, ana ajiye mini su a wani akwatin ƙarfe na bakin hanya da suke kira paczkomat, in buɗe shi da waya. Kuɗi kuwa da kati ko da lambar BLIK, wadda manhajar banki ke bayarwa a waya, ake biya, ba a jiran saƙon banki ya shigo kafin a sallami mutum.

Burodi da madara da dankalin turawa da tuffa suna da sauƙi a kantuna irin su Biedronka da Dino idan aka auna da albashi, wanda mafi ƙarancinsa a 2025 ya kai zuloti (kuɗin Polan) 4,666 a wata kafin a cire haraji. Sai dai tun 2018 doka ta fara hana manyan kantuna buɗewa ranar Lahadi, wanda bai yi cefane ranar Asabar ba zai sha wahala. Gero da dawa da kuka da daddawa babu su, barkononsu ba ya da yaji, naman halal kuma sai na je Wrocław, inda nake samun masallacin Juma'a. Dole ne in karanta bayan kowane kwali, domin alade yana shiga har cikin abin da mutum bai zata ba.

Akwai inda gida ya fi su nesa ba kusa ba. A nan babu mai shagon da zai ba ka shinkafa bashi zuwa ƙarshen wata don ya san mahaifinka. Ladan tela da mai gyaran takalmi yana da tsada har mutane sun gwammace su yar su sayi sabo. Likitan unguwa ana ganinsa ba tare da biya ba idan ana cire wa mutum inshorar lafiya, amma ganin ƙwararren likita yakan ɗauki watanni. Shugaban ƙauye, da suke kira sołtys, zaɓensa ake yi, kuma ba ya rabon fili ko shaidar ciniki kamar dagacinmu, domin kusan kowace gona da kowane gida suna da rajista a kotu mai lamba, wadda ake iya dubawa ta intanet a ga mai shi da bashin da ke kansa.

Wannan rajista ce ta sa nake roƙonku, Baffa, ku tara su Yaya a kan maganar gonarmu ta fadama, wadda har yau shaidarta bakin dattawa ne kawai. Zan aiko da kuɗin awo da na takardu a ƙarshen wata idan Allah ya yarda, kuma ina so a rubuta sunan kowane magaji, har da mata. Idan an sami mai tahowa, a ba shi daddawa da kuka da yajin Inna, a ɗaure su da kyau, amma kada a haɗa da kilishi, domin ba a barin nama ya shigo ta filin jirginsu. Ku gaishe mini da Inna da kowa da kowa.