Injin iska mai lita 24: abin da na gani bayan shekara guda ina aiki da shi a gida

Ƙyauren ƙarfen ƙofar gidana ne ya fara sa ni tunanin mallakar injin matse iska, wanda makanikai da masu fenti ke kira kwamfaresa. Damina biyu ta wuce a kansa, tsatsa ta fara cin gindinsa, kuma fentin da aka taɓa shafa masa da buroshi ya kware kamar ɓawon albasa. Ban da wannan, akwai mota a gidan, akwai babur, akwai kekunan yara guda biyu, ga kuma ɗan aikin katako da nake taɓawa ranakun Asabar da Lahadi. Da na haɗa waɗannan buƙatu wuri guda sai na ga cewa ƙaramin inji mai sauƙin kuɗi, wanda mutum ɗaya zai iya ja daga ɗakin ajiya zuwa tsakar gida, zai biya kuɗinsa a hankali.

Na zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan kayan aiki na Sabon Gari a nan Kano kafin na yanke shawara. Abin da ke kasuwa ya kasu kusan gida uku ga mai neman na gida. Akwai ɗan mitsitsin da ake jonawa a batirin mota mai bolt 12, wanda ba shi da tanki, aikinsa hura taya kawai, kuma yana buƙatar hutu bayan 'yan mintoci saboda zafi. Akwai masu tanki na lita 24 da na lita 50 da ke aiki da wutar gida, wasu na shan mai, wato baƙin man da ake zuba wa inji don rage gogayya, wasu ba sa sha. Sai kuma na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Sunayen da suka fi yawa a sababbin sun haɗa da Ingco da Total, sai tarin wasu da ba a san su sosai ba, galibi ƙirar ƙasar Sin. Nawa yana cikin waɗannan na ƙarshe: tankin lita 24, motar lantarki, wato abin da ke juya injin, mai kilowat 1.5 wadda aka rubuta wa ƙarfin doki 2, yana shan mai, yana da ƙafafun roba biyu da mariƙi, nauyinsa ya ɗan haura kilo 20. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin irin waɗannan kaya yake bin dala, don haka faɗin kuɗin da na saye shi ba zai taimaka ba, abin da zai amfani mai saye shi ne ya san cewa tiyo, da kan hura taya mai geji, da bindigar feshi, da kwalbar tace ruwa, ba sa cikin kwali, kuma a wurina sun ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin injin.

Mai shagon ya so in ɗauki mai lita 50. “Alhaji, babban tanki shi ne babban ƙarfi, wannan ba zai ba ka kunya ba,” in ji shi. Na lura motar da ke kan manya da ƙananan duk iri ɗaya ce, fistin da ke matse iskar ɗaya ne, girmansa ɗaya. Tanki rumbu ne kawai, shi kuwa kan injin shi ne manomin da ke cika shi, kuma idan manomin bai ƙaru ba, faɗaɗa rumbu ba ya ƙara hatsi. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan rubutu, domin a nan ne mafi yawan masu saye ke ruɗewa. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce yawan litar iskar da injin ke iya turawa cikin minti ɗaya, ba girman tanki ba, ba kuma ƙarfin dokin da aka manna da manyan haruffa ba.

Ita ma wannan lamba sai an yi hattara da ita. A jikin kwalin nawa an rubuta lita 190 a minti, amma wannan lissafin iskar da fistin ke zuƙa ne, ba wadda ke isa bakin tiyo bayan an matse ta ba. Akwai hanya mai sauƙi ta gano gaskiya, kuma ana iya yin ta a cikin shago kafin a biya kuɗi. A zubar da duk iskar tankin har allurar geji ta kwanta a sifili, a rufe, a kunna injin, a duba agogo har ya kashe kansa. Irin waɗannan injuna suna tsayawa idan matsin iska ya kai bar 8, wato kusan 116 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi idan suka ce geji 32 ko geji 35. Tankin lita 24 da ya kai bar 8 ya haɗiye kimanin lita 192 na iska. Nawa ya cika cikin minti ɗaya da daƙiƙa 50, wanda ke nufin kusan lita 105 a minti, ɗan sama da rabin abin da ke rubuce. Ban ɗauki wannan a matsayin aibu na musamman ba, domin haka tsarin ƙananan injuna masu fistin ɗaya yake, amma da ban auna ba da na sayi kayan aikin da ya fi ƙarfinsa.

A kan taya da ƙura ba ni da abin cewa sai yabo. Tayar ƙaramar mota tana buƙatar bar 2.2 zuwa 2.5 ne, saboda haka cikin tanki ɗaya ina daidaita tayoyi huɗu in ƙara wa babur da kekuna. Lokacin hunturu kuwa, da ƙura ke shiga ko'ina, da shi nake hure fankoki, da janareta, da bayan firji, da ragar tagogi. Bindigar buga ƙananan ƙusoshi ma ba ta cin iska sosai, kuma da ita na haɗa kantar littattafai da akwatin ajiye takalma ba tare da injin ya tashi fiye da sau uku ko huɗu ba. Duk aikin da ake yi a tsaitsaye, a danna a saki, wannan inji ya ishe shi har da saura.

Feshin fenti ne ya nuna mini iyakarsa. Injin yana kashe kansa a bar 8, ya sake tashi idan iska ta sauka zuwa bar 6, kuma tsakanin waɗannan biyu abin da tankin ke bayarwa bai wuce lita 48 ba. Bindigar feshi matsakaiciya tana iya cin lita 150 zuwa 200 a minti, wato cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 ta kwashe wannan ajiya, daga nan sai ta riƙa cin fiye da abin da injin ke iya mayarwa. Ranar da na fara fesa ƙyauren, layin farko da na biyu sun fito sumul, fenti ya kwanta kamar an zuba ruwa a faranti. Ina shiga na huɗu sai sautin bindigar ya canja daga shuuu zuwa tari, fentin ya fara fita ɗigo-ɗigo, fuskar ƙarfen ta yi ƙuraje kamar bayan lemun tsami. Sai da na bari ya bushe, na goge da sanfefa, na sake dabara. Na sayi ƙaramar bindiga mai kofi a sama da siririn baki, na rage iska zuwa wajen bar 2.5 da abin daidaitawa, na raba ƙyauren gida-gida, ina fesa faɗin kamu uku ko huɗu in dakata injin ya cike gurbi. Aikin da mai babban inji zai gama kafin azahar ni ya kai ni la'asar, amma ya yi kyau, kuma damina ɗaya ta wuce a kansa bai motsa ba. Wanda ke son fesa mota gaba ɗaya, ko ya yi amfani da injin goge katako mai aiki da iska, ko ya riƙa kwance notin taya duk yini, wannan ba nasa ba ne. Shi sai mai bel da fistin biyu da tankin lita 100 ko fiye.

Abu na biyu da ya kamata a tantance kafin saye shi ne wutar gidan da za a kai shi. Motar kilowat 1.5 a wutar bolt 230 tana jan kusan amfiya 7 idan tana gudu, amma a lokacin tashi tana jan ninkin wannan sau da yawa na ɗan lokaci. Idan wuta ta zo da rauni, kamar yadda takan yi a unguwarmu da yamma, sai ka ji motar tana gurnani ba ta juya ba, kuma barin ta a haka ko na rabin minti yana iya ƙona kafasito ko wayar cikinta. Ƙaramin janaretan nan mai wat 650 zuwa 950 ba zai ko motsa shi ba. Nawa janaretan mai kilowat 3 yana tada shi, amma sai na kashe firji da famfon ruwa, kuma duk da haka ana jin injin janaretan ya durƙusa kafin ya miƙe. Doguwar siririyar waya ma tana rage ƙarfin wuta, don haka gara a ajiye injin kusa da soket a ƙara tsawon tiyo. Ni tiyo mai mita 15 na saya, kuma tun daga nan ban sake jin wannan gurnani ba sai ranar da wutar kanta ta yi ƙasa.

Wani makanike dattijo a layinmu ne ya koya mini abin da takardar bayanin ba ta fito da shi sosai ba. Ya ga na kashe injin daga bango, sai ya ce, “Malam, da maɓallin nan ja da ke kansa ake kashe shi.” Idan an danna wannan maɓalli za a ji wata gajeriyar fitar iska, tsss, wato an sauke iskar da ta maƙale tsakanin fistin da tanki. In ba a sauke ta ba, motar za ta tashi ne tana ture nauyi, abin da ke gajiyar da ita da wuri. Haka kuma idan aka ɗauke wuta injin na tsakiyar aiki, a danna maɓallin kafin a dawo da ita.

Ƙararsa ita ce babban aibinsa a wurina. Masu shan mai irin nawa, waɗanda motar ke haɗe kai tsaye da fistin, sukan kai desibel 90 ko fiye, alhali daɗewa cikin ƙarar da ta haura 85 yana lahanta ji. Ba na kunna shi da sassafe ko bayan magariba saboda haƙƙin maƙwabta, kuma idan aikin zai yi tsawo ina toshe kunne. Akwai nau'in da ba ya shan mai da ake kira marar ƙara, wanda mutum zai iya magana a gefensa ba tare da ɗaga murya ba, iskarsa kuma ba ta ɗauko mai, abin da ke da amfani wajen fenti. Ya fi tsada, kuma a daidai kuɗin nan yawanci iskarsa ba ta kai ta mai shan mai ba. Da a gidan haya nake, ko gidan da ke da jariri ko marar lafiya, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Kulawar da yake buƙata ba ta da yawa, amma ba a wasa da ita. A ƙarƙashin tankin akwai ƙaramin famfo na zubar da ruwa, domin iskar da aka matse tana sakin danshinta a ciki. A watan Agusta, bayan aikin awa biyu, na buɗe shi na tara kusan rabin kofin shayi na ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ƙanshin tsatsa, yayin da a watan Janairu ɗigo kaɗan ne ke fita. Wannan ruwan ne ke cin tanki daga ciki inda ido ba ya gani, kuma shi ne dalilin da ya sa na juya wa na hannu baya duk da sauƙin kuɗinsu, domin babu yadda za a yi mutum ya san shekara nawa ruwa ya yi kwance a cikinsu. Tankin da ya fara yoyo ba a kai shi wurin mai walda, ƙarfen da tsatsa ta sirantar yana iya tarwatsewa da iska a cikinsa. A hunturu kuma soson tace iska ne ke toshewa, ina cire shi duk mako biyu in kakkaɓe. Mai kuwa akwai ɗan madubi a gefe mai jan ɗigo a tsakiya, inda ya kamata ya tsaya, kuma na canja na farko da wuri kamar yadda takardar ta umarta, ya fito da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa.

Ina ajiye shi a ɗakin da ke da makulli, tankin babu iska, saboda yara na sha'awar kan hure ƙura, kuma iska mai bar 8 idan aka nufi ido ko kunne ko fata da ita tana yin mummunan rauni. Ko ni ba na hure tufafin da ke jikina da shi. Wajen feshi ina sa takunkumi mai tace sinadari, ba ƙyalle ba, kuma a fili nake yi nesa da murhu, tun da tururin tina, sinadarin da ake tsinka fenti da shi, yana kama wuta.

Cikin shekarar nan abu biyu ne suka lalace: robar ƙafa ɗaya ta tsage, sai mahaɗin tiyo da ya fara sakin iska a wata na biyar, wanda na canja da na tagulla a Ƙofar Ruwa da kuɗi kaɗan. Motar da fistin ɗin suna nan lafiya, kuma da na sake auna shi makon jiya ya cika tankin cikin minti ɗaya da daƙiƙa 55. Ga mai gida da ke da mota da babur, yana ɗan taɓa katako ko yana son fesa ƙyaure da tagogi da kujerun ƙarfe da kansa, kuma yana da wuta ko janaretan da zai iya tada shi, ina ganin mai lita 24 ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a kunna shi a shago a riƙe agogo kafin a karɓi rasit.