Shuɗin da ake zubawa cikin maganin ciyawa: abin da na gani bayan wata biyar

Aikina kula da lambun wata istiraha ne a Harazat, gabashin Jidda, irin gidajen shaƙatawar nan da iyalai ke kamawa daren Alhamis ko na Juma'a su yi walima. Akwai dabino goma sha biyu, da jeren furen nan da Larabawa ke ce wa jahannamiyya a jikin katanga, sai filin ciyawa da bai wuce murabba'in mita 800 ba. Ciyawar najil ce, wato kiri-kirin da muke tugewa a gona can gida muna tsaki, amma a nan ruwan wayit, wato na tankar mota, ake saya da riyal ana shayar da ita safe da yamma. Duk mai son kama wurin, filin nan yake fara kallo kafin ya tambayi kuɗi. Shi ya sa da ya yi dabbare-dabbare, sunana kafili, wato maigidan da nake wa aiki, yake kira.

Baƙin ciyayin da ke damuna su huɗu ne: nonon kurciya, fasa-ƙaba wadda a nan ake kira rijla, tsidau mai huda ƙafar yara, sai aya-aya, uwar taurin kai. Masu faɗin ganyen ina feshe su da maganin ciyawa mai suna 2,4-D, wanda najil ke jurewa idan ba a cika hannu ba. Gilaifoset kuwa bai san na gida ba bai san baƙo ba, duk koren da ya taɓa ya tafi, don haka sai a tsakanin duwatsun intalok da gindin katanga nake amfani da shi. Injina na goyo ne, mai cin lita 16, wanda ake bugawa da hannun hagu ana feshi da dama.

Matsalar ita ce maganin da ruwa duk ɗaya suke a ido. Ka fesa, iskar Jidda ta busar da ganyen kafin ka kai ƙarshen layi ka juyo. Waya ta yi ƙara, ko tanki ya ƙare ka je cikowa, ka dawo ka tsaya kana zare ido: nan na tsaya ko can? Sai ka ce bari in maimaita don kada in tsallake. Bayan mako guda filin ya ba ka amsa, wani wuri ya yi rawaya don ya sha magani sau biyu, kusa da shi kuma ga zirin nonon kurciya tana tsaye kamar ba a taɓa zuwa unguwarsu ba. Na yi ta kafa tsinke da igiya, abin dai bai daidaita ba.

A shagon kayan noma na kai kukana, wani injiniya Basudane ya miƙo mini kwalbar lita ɗaya, abin da ke ciki shuɗi ne har ya yi baƙi. Ya ce, "Sibga ce kawai, wato rini, ba ta kashe komai. Tana nuna maka inda hannunka ya bi." Na saya ina ƙunƙuni, don a ganina an sayar mini da ruwan bula ne a kwalba mai tsada.

Kawuna, wanda ya kawo ni wannan aikin, ya shekara fiye da ashirin yana lambu tsakanin Makka da Jidda, ya juya kwalbar ya yi dariya. "Kai yaro, Ƙofar Mata za ka buɗe mana a nan? Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima." Na ce, "Kawu, ku dai bari mu gani." A watan Nuwamba ne, zafi ya fara sauka, lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin, domin 2,4-D ba ya son rana mai ƙuna: yana iya ƙona najil ɗin, wani nau'insa ma tururinsa kan tashi ya faɗa wa shukar da ba ruwanta. Da bazara kuwa ko doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, feshi ma sai dai da asuba.

Haɗin ba wuya. Ruwa rabin tanki, a zuba magani a girgiza, shuɗin ya zo a ƙarshe, sannan a cike. Da sirinji nake aunawa, ba da murfin kwalba ba, dalili zai zo a gaba. Ƙarfin rinin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka abin da aka rubuta a jikin kwalbarka shi za ka bi. Ni da na bi mafi ƙarancin abin da aka rubuta, a kan ƙasa da intalok ya fito raɗau, amma a kan najil mai duhun kore, da sanyin safiya kafin gari ya waye sosai, sai na sunkuya nake gani. Da na ƙara zuwa sama-saman ma'aunin sai ya zauna daidai.

Ta fuskar aikin da na saye shi dominsa, ba ni da ƙorafi. Layi na fita kamar an ja da alli, inda na tsallake yana nan kore yana kallona, inda na maimaita kuma ya fi duhu. Filin da nake ƙarar da tanki uku a kansa, yanzu biyu ke isa har da ɗan saura. Ashe tanki guda cur ina zubar da shi ne a kan wurin da ya riga ya sha. Bayana ma ya huta, don goyon ruwa kilo 16 ba wasa ba ne. Na kuma gane bakin feshina ya cinye: maimakon ya baza daidai, gefe ɗaya ya fi zuba, sai ga shi layin ya fito rabi duhu rabi haske. Na canza shi, ɗan abin da kuɗinsa bai kai na shayi da burodin tamis ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba a kan ciyawa na gan shi ba.

Ranar farko da na gama na sauke injin, Kawu ya daina dariya. Ya ce, "Juyo in ga bayanka." Rigata tun daga kafaɗa har ƙugu ta yi shuɗi. Robar murfin tankin ta saki, duk takun da na yi sai ruwan ya fantsalo ya gangaro mini. Shekara biyu ina jin wannan danshin a bayana ina cewa gumi ne, wa zai yi musu da gumi a Jidda? Na dubi hannun dama, tsakanin yatsu shuɗi, wurin maƙullin da ake matsawa yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Ƙafar wando daga gwiwa zuwa ƙasa shuɗi, saman ƙafata ma haka, don silifas nake sawa. Da na share fuska da hankici, har a gefen hanci akwai ɗigo-ɗigo.

Kawu ya yi shiru can, sannan ya ce, "To mu da muka yi shekara ashirin ba shuɗi fa?" Ban ce komai ba. Da hannun nan nake ɓare dabino in jefa a baki tsakanin tanki da tanki, da shi nake ɗaga waya, da shi nake gaisawa da mutane. Maganin bai ƙaru ba ranar, abin da kullum yake zuba ne, launi kawai aka ba shi. Washegari na sayi safar hannu ta roba mai kauri, da takalmin ruwa, da tabarau, na canza robar murfi da ta maƙulli. An rubuta duk wannan a jikin kwalbar magani da Larabci da Turanci tun fil azal, na sha gani ina wucewa. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, ni kam har karatu ya kora.

Haka ya tona mini asirin iska. A Jidda da hantsi ya yi sai iskar teku ta taso, ni kuma da nakan ci gaba da aiki ina cewa ai ba ta da ƙarfi. Sai ga ɗigon shuɗi a kan farin fentin katanga da ganyen jahannamiyya, taku uku daga inda na nufa. Nan na gane abin da ya murɗe wa tumatirin mai gadi ganye bara, muna ta zargin ruwa. Yanzu ƙarfe takwas na safe na rufe feshi. Wata rana kuma na fesa gilaifoset a intalok, na taka wurin da danshinsa na ratsa ta cikin fili. Ina waigowa sai ga sawuna shuɗi a jere a kan najil. Na jawo tiyo na wanke nan take. Ba don launin ba, da bayan kwana goma kafili zai tarar da sawun mutum a ƙone tun daga ƙofa har wurin zama.

Aibin shuɗin kuwa yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Wanda aka sirka yana gushewa, gundarin na cikin kwalba shi ne bala'i. Ranar da na auna da murfi, ɗigo uku suka faɗi a kan tayil ɗin bakin majalisi, na sa ruwa, sai wurin ya bazu kamar an yanka shuɗiyar akuya. Da bilic da buroshi na fitar da na kan tayil, amma layin simintin da ke tsakani ya riƙe launin kusan wata guda. Yanzu a kan yashi nake haɗi, bayan ɗakin janareta. A hannu yakan kwana biyu, a gefen farce ya fi haka, har wani a masallaci ya tambaye ni ko rini nake yi. Farar riga idan ta taɓa, ka mai da ita ta aiki.

A kan ciyawa rana ce ke cinye shi. A fili kwana ɗaya zuwa biyu ya ɓace, musamman da an kunna ruwa, a inuwar dabino yakan kai huɗu. Don haka Lahadi ko Litinin nake feshi, kafin Alhamis fili ya koma kore, kada wani ya zauna da farar jallabiya ya tashi da tambari. Ranar feshin kuma ina kashe injin ban-ruwa har washegari, in ba haka ba ruwa ya wanke shuɗin da maganin gaba ɗaya. Sai dai kada mutum ya mai da launin agogo. Ɓacewarsa ba ta nufin magani ya bar wurin, lokacin da za a bar yara su shiga yana rubuce a kwalbar maganin, ba a ta rini ba.

Kawu ya kawo shawarar a gwada bular wanki tunda ta fi araha. Na gwada sau ɗaya don in girmama shi. Garin ba ya narkewa, kwanciya yake yi, kafin rabin tanki ya toshe matacin bakin feshi, na ɓata safiya ina wankewa. Ita ma aya-aya ba ta san an yi wani shuɗi ba: ƙwayarta na can cikin ƙasa, 2,4-D ya ɗan ƙona mata kai ta sake fitowa, sai da na nemo nata maganin, halosalfuron, na yi mata zagaye biyu.

Wata biyar ke nan, kwalbar ba ta kai rabi ba, kuma idan ta ƙare zan sake saya ko da daga aljihuna ne. Wanda filinsa tabarma biyu ne ya tuge da hannu ya huta, amma mai goya inji kowane wata ya gwada ko sau ɗaya, kuma ranar ya sa tsohuwar riga mai haske. Wankin tanki ma ya canza: da sau ɗaya nake ɗauraya in kife, yanzu na ga sai a ruwa na uku shuɗin ke barin tiyo. Makon jiya Kawu ya aiko yaron mai gadi da robar ruwa fanko, wai in sam masa kaɗan, yana so ya duba murfin nasa injin.