Makin jarrabawa a Amurka: mudun da ke bin kasuwa

Yaya, bayan gaisuwa. Ka tambaye ni ko karatun nan ya kai kuɗin da ake zubawa, tunda kana tunanin turo babban yaronka.

Ta fuskar kayan aiki babu gardama. Wuta ba ta ɗaukewa, ɗakin karatu na buɗe har tsakar dare, kuma ba a san yajin aiki irin na ASUU da ya cinye wata 8 a 2022 ba. Littattafai dai da tsada, guda ɗaya kan haura dala 100.

Maki ne abin da nake so ka lura da shi. A jami'o'inmu 70 ita ce A, ko mutum ɗaya ya kai ta ko babu kowa. A nan, malamai da yawa, musamman na lissafi da kimiyya, sai sun ga yadda aji ya ci gaba ɗaya kafin su yanke. In yawanci sun tsaya a 55, ana iya mayar da 55 ɗin B. Mudu ne da ke ƙanƙancewa duk ranar da hatsi ya yi ƙaranci, a ce maka ai an cika maka shi fal. Yaro ya bar kusan rabin tambayoyi, takarda kuwa ta ce ya yi ƙoƙari.

Wani zai iya cewa wannan tsarin ne ke hana yara iya karatu da rubutu, amma a ganina ba haka ba ne. Ɓoye raunin yake yi, har malami da uba su kasa ganinsa da wuri. Yana kuma cutar haziƙai: a makarantun koyon aikin lauya, inda galibi bin tsarin dole ne, in aji ya cika da gwanaye sai makin wasu ya sauka ko da sun iya. Su kansu suna ta kai-kawo a kai. Jami'ar Princeton ta taƙaita A ga kashi 35 cikin 100 a 2004, ta janye a 2014. A Harvard kuwa, a 2013 aka bayyana cewa A ce makin da aka fi bayarwa.

Kada mu yi musu dariya, mu ma JAMB ta sauke makin shiga jami'a zuwa 120 cikin 400 a 2017.

In yaron ya zo, kada ka tsaya a harafin. Ka riƙa sa shi ya turo maka takardar amsarsa, ka ga ainihin abin da ya ci. A gaida Hajiya da yara.