Darasin Girkanci ta intanet: abin da na gani cikin wata takwas

Wata takwas ke nan ina biyan kuɗin darasin Girkanci da babban ɗana yake ɗauka ta intanet daga gidanmu da ke Unguwar Rimi, kuma tun da wasu iyaye sun fara tsayar da ni suna tambayar ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona. Yaron yana ajin ƙarshe na sakandare, burinsa ya karanci injiniyancin jirgin ruwa a ƙasar Girka, kuma jami'o'in gwamnati na can sukan nemi baƙo ya nuna shaidar ya kai matakin B2 na iya Girkanci kafin ya shiga karatun da ake yi da harshensu. Cibiyar Harshen Girka da ke Tasalonika ce take shirya jarrabawar a watan Mayu na kowace shekara, matakanta daga A1 zuwa C2, kuma ana gwada ɗalibi a fanni huɗu: karatu, rubutu, saurare da magana.

Biyun farko ya yi nisa da su shi kaɗai da littattafai, har ya haddace haruffan nan 24 cikin ƴan kwanaki. Saurare da magana ne suka gagara. Na nemi malami a nan Kaduna, sai aka haɗa ni da wani dattijo da ya karanci Helenanci, wato tsohon Girkancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, a makarantar horar da limaman coci, shi kuwa bai ɓoye mini komai ba, ya ce abin da ya sani harshen littafi ne mai shekara kusan dubu biyu, ba shi ake ji yau a titunan Atina ba. Daga nan ne muka koma wani shafi da ke haɗa ɗalibai da malamai, muka zaɓi wata malama mazauniyar Tasalonika, darasi biyu a mako ta bidiyo, kowanne minti 50.

Na zauna a gefe ranar darasin farko. Ba ta ce ya buɗe littafi ba. Kalmomi biyu ta furta, πότε da ποτέ (duka biyun "pote"), ta tambaye shi ko ya ji bambanci. Haruffansu ɗaya ne, sai dai ta farko ana danna gaɓar farko, ma'anarta "yaushe", ta biyu kuma ana danna gaɓar ƙarshe, ma'anarta "har abada" ko "ko kusa". Nan take ya rarrabe su, domin kunnen da ya tashi da karin sautin Hausa ya saba da kalmomin da muryar mai magana kaɗai ke raba su.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda karatun Islamiyya ya yi masa rana. Sautukan da baƙi da yawa ke fama da su a Girkanci, shi ya daɗe da saninsu daga darasin tajwidi: θ daidai take da ث, δ daidai take da ذ, sannan γ da χ, idan suka zo kafin wasalin a ko o ko u, suna kusa ƙwarai da غ da خ. Da malamar ta gane haka, sai ta daina ɓata lokaci a kansu, ta juya inda matsalar Bahaushe take, wato π da φ da β, haruffan sautin p da f da v. Mu a Hausa ba mu raba p da f, kuma ba mu da v sam. A Girkanci kuwa πόνος (ponos) ciwo ne, φόνος (fonos) kisan kai ne, kuma ɗalibin da aka ce ya yi wa likita bayanin abin da ke damunsa a jarrabawar baka ba zai so ya musanya su ba. Mako uku cur yaron yana zama da madubin mahaifiyarsa bayan sallar isha'i, yana duba ko haƙoransa na sama sun taɓa leɓen ƙasa idan zai ce f da v, ko kuma leɓɓansa sun rufe ruf idan zai ce p. Wannan gyara ne da babu littafin da zai yi masa, sai mutumin da ke kallon bakinsa.

A ɓangaren saurare ma ta san aikinta. Ta nuna masa cewa kalmomi suna narkewa cikin juna idan ana magana da sauri, shi ya sa τον πατέρα (ton patera, wato uban) ake jin ta kamar "tom batera". Da ya gaya mata cewa mu ma muna rubuta "gidan Bala" amma bakinmu yana cewa "gidam Bala", sai abin ya zauna masa daram. Takan turo masa gajerun sautuka, kamar rahoton yanayi daga gidan rediyon gwamnati na ERT, ya saurara sau biyu ba tare da rubutu a gabansa ba, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan ta ba shi rubutun. Da muka so ya tsallaka kai tsaye zuwa B2 a bana, ita ce ta ce mu yi haƙuri ya fara da B1.

Akwai dai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Murya ɗaya yake ji tsawon watanni, murya ce kuma ta malama mai fitar da kowace gaɓa a natse, don haka ranar da ya kunna wani shirin tattaunawa inda mutum uku ke katse juna, ya ɗago kai ya ce mini, "Baba, wallahi ban kama ko rabi ba." Sai da na yi mata magana kafin ta fara ƙara masa irin waɗannan. Haka kuma a jarrabawar baka bibbiyu ake shigar da ɗalibai, su yi hira da juna a gaban masu jarrabawa, alhali darasin daga shi sai ita bai koya masa yadda zai karɓi magana daga bakin ɗalibi irinsa mai kuskure da in-ina ba.

Dokokin shafin ba su yi la'akari da halin da muke ciki ba. Da yuro ake biya, wanda duk mai karɓar albashi da naira ya san nauyinsa, kuma idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke ana tsakiyar darasi, kuɗin ya tafi ke nan. Sau biyu hakan ya same mu kafin in sayi ƙaramin batirin cajin na'urar intanet. Ban kuma san cewa Girka tana ƙara awa ɗaya a agogonta ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris ba, ta yadda tazarar da ke tsakaninmu take komawa awa biyu har zuwa ƙarshen Oktoba. Darasin ƙarfe biyar na yamma ya dawo ƙarfe huɗu, lokacin yaron bai ko iso gida ba, kuma ba wanda ya sanar da mu.

Duk wanda zai bi wannan hanya, ina ba shi shawarar ya tambayi malamin tun a darasin gwaji ko ya taɓa shirya ɗalibi don wannan jarrabawa, ya kuma daidaita maganar yankewar wuta da shi kafin ya biya ko sisi. Mu dai mun sabunta rajista, kuma malamar ta amince za ta haɗa shi da wata ɗalibarta sau ɗaya a mako har zuwa watan Mayu, su riƙa gwada hirar mutum biyu tana sauraronsu.