Kafso a ruwan kaji ko kiran malamin dabbobi?

Kaji sun fara gyangyaɗi, fukafukai a sake. Mai kiwo a Jega hanya biyu ce gabansa.

Ta farko kowa ya san ta: ya sayo kafson nan ja da rawaya mai kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya a kasuwa, ya ɓare a kaskon ruwa. Ga araha, ga sauri. Sai dai wadda ta fi jin jiki ita ce ba ta iya shan ruwan sosai, kuma da sun ɗan miƙe sai a daina. Ƙwayoyin bakteriya masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, su bi kashin kajin zuwa gona da rijiya, su bi ƙwai da nama zuwa cikin 'ya'yanmu. Ran da yaro ya kwanta, irin wannan maganin za a ba shi ya ƙi ci. A 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya sanadin bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Wannan yana damuna ƙwarai.

Malamin dabbobi kuwa sai an jira shi, sai an biya. Amma zai duba tukuna. In cutar nan ce mai murɗe wuyan kaji, bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, rigakafi ne maganinta. In bakteriya ce, zai faɗi adadi da kwanaki, da ranar da ya halatta a koma cin ƙwan.

Ni dai gara na jira shi.